Jam'iyyar Adawa da Abokin Nesa: Kudancin Katsina da Ƙasar Kurdawa

Duk jam'iyyar da ta tashi yin adawa da masu mulkin ƙasarta, alhali kuwa kotu da gidan yari da takardar haraji duk suna hannun waɗannan masu mulki, ba ta daɗewa sai ta tarar da wata tambaya tana jiranta a hanya: shin za ta tsaya da ƙafarta ta sha wuya ita kaɗai, ko kuwa za ta nemi wani mai ƙarfi daga nesa ya riƙe mata hannu? Wannan tambaya ita ce ta bi Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, tun daga 1950 har zuwa 1966, ita ce kuma ta raba magajiyarta PRP gida biyu a 1980. Wurin da za a duba al'amarin a nan shi ne kudancin Katsina, ƙasar auduga da dawa da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Ƙafur har Malumfashi, inda ake da garuruwa biyu masu suna Mahuta, ɗaya a ƙasar Ƙafur ɗaya a ƙasar Dandume. Za a kuma riƙa auna shi da tarihin jam'iyyun Kurdawa, domin da wuya a sami al'ummar da ta jarraba abokin nesa, ta kuma ɗanɗana kuɗarsa, kamar su.

Lalle ne tun da wuri a faɗi inda misalin bai dace ba. Kurdawa al'umma ce mai harshenta, wadda ake ƙiyasta yawanta tsakanin miliyan 30 da 40, aka kuma rarraba ta tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya. Yarjejeniyar Sebar ta 1920 ta yi musu alkawarin mulkin kai, ta Lozan ta 1923 kuwa ko sunansu ba ta ambata ba. Abin da jam'iyyunsu ke nema shi ne ƙasa, ko aƙalla yanki. 'Yan Sawaba ba ƙasa suke nema ba. Harshensu ɗaya da na hakimin da ke ɗaure su, masallacinsu ɗaya, sau da yawa ma akwai auratayya. Rigimarsu ta talaka ce da sarauta. In ana son waɗanda suka fi kama da Kurdawa a Jihar Arewa, sai a dubi UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi, ko Ilorin Talaka Parapo, waɗanda suke neman a cire su daga Arewa. Amma ta fuskar matsayi, watau ƙaramin mai adawa a cikin gidan da ba shi da ikon ƙofarsa, NEPU da jam'iyyun Kurdawa hali ɗaya suka shiga.

Me ya sa adawa ta sami gindin zama a wannan yanki? Amsar tana cikin auduga da jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya bi ta Funtuwa, kamfanin BCGA kuma ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ga gonar iri ta Daudawa a kusa. Sai baƙi suka yi ta kwarara: fatake da teloli da mahauta da direbobi da leburori da malaman zaure, mutanen da abincinsu bai rataya a wuyan wani basarake ba, waɗanda kuma in an matsa musu a wannan gari za su iya ɗaure kayansu su shiga jirgi. Irin waɗannan su ne ƙashin bayan NEPU a duk garuruwan kasuwa da tasha, daga Funtuwa da Gusau har Jos da Nguru. Manomin ƙauye kuwa halinsa daban ne. Anguryar da zai shuka ta hannun dagaci take fitowa. Audugar da ya noma ba ya sayar da ita sai a floti, bisa farashin da Hukumar Ciniki ta yanka tun daga 1949, malamin da ke duba ta kuma shi ke cewa lamba ɗaya ce ko lamba biyu. Haraji a dunƙule ake aza wa gari, dagaci da masu unguwa su ne ke rabawa bisa kan magidanta, lokacin biyansa kuwa ya yi daidai da kaka. Saboda haka mutumin Mahuta da ya karɓi katin NEPU ya san cewa wanda ya saɓa wa shi ne mai raba masa iri, shi ne mai yanka masa haraji, shi ne kuma shaida ran da aka yi rikicin iyakar gona. Abin mamaki ba shi ne ƙarancin waɗanda suka shiga ba. Abin mamaki shi ne da aka sami masu shiga.

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen wannan shekara, ya zama shugabanta a 1953. Zaɓen 1951 ya koya mata darasinta na farko. Zaɓe ne na hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a hawan ƙarshe. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya ba ta tura Majalisar Kaduna ba. A cikin Oktoban wannan shekara ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC, kuma a lardin Katsina ba a iya raba ta da En'e: Sarki Usman Nagogo da kansa minista ne a gwamnatin Jiha, Isa Kaita ya riƙe ma'aikatu a Kaduna, Musa 'Yar'aduwa ya zama ministan harkokin Ikko a gwamnatin Tarayya. Takardar izinin lacca daga En'e take fitowa. 'Yan dokan da za su tsare wurin laccar na En'e ne. Alƙalin da za a kai mutum gabansa bisa tuhumar ya ci mutuncin hakimi ma'aikacin En'e ne, lauya ba ya shiga kotunsa, gidan yarin kuma na En'e ne. Akwai abin dariya, in da wurin dariya ne, cewa jam'iyyar sarakuna ita ce ta ɗauki fartanya alamarta, ta talakawa kuwa ta ɗauki tauraro.

A wannan hali ne NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe a 1954. Bai kamata a raina dalilanta ba. Jam'iyyar da membobinta ke shiga kurkuku kullum tana bukatar lauyoyin ɗaukaka ƙara, da motar yawon lacca, da jaridar da za ta buga abin da ya faru a wani lungu don a ji shi a Ikko da Landan, duk kuwa NCNC tana da su. Sai dai kuɗin wannan taimako an fara biyansa tun kafin a karɓe shi. A Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan NPC suka ƙi, a watan Mayu aka yi tarzomar Kano wadda ta ci rayuka fiye da talatin. Daga nan duk ɗan Arewar da aka gani tare da 'yan siyasar Kudu ya ba abokan gabarsa sanda. Mai laccar NPC a kasuwar ƙauye ba ya bukatar ya kāre haraji ko aikin tilas. Ya ishe shi ya ce waɗannan yara ne marasa kunya da aka yi haya don su sayar da Arewa da addininta. Zancen ƙarya ne, domin NEPU cike take da malamai da almajirai, Malam Aminu da Sa'adu Zungur kuwa 'ya'yan gidan ilmi ne da suka kafa hujjarsu da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu. Amma ƙarya ce mai shiga kunne.

Babban bugu ya zo ne bayan zaɓen Tarayya na Disamba 1959, zaɓe na farko da kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye a ɓoye. NPC ta sami kujeru 134, NCNC da NEPU tare 89, takwas daga ciki na NEPU ne, AG da abokanta 73. Sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, sa'an nan Gwamna Janar a Nuwamba 1960. Malam Aminu, wanda ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya zauna a ɓangaren gwamnati a Ikko, har da muƙamin mai tsawatarwa. A dubi yadda wannan ya kasance ga telan Funtuwa ko manomin Malumfashi da ya sha bulala saboda tauraro: a Ikko jam'iyyarsa tana cikin gwamnati tare da masu fartanya, a gida kuwa 'yan doka ba su fasa kama shi ba. NCNC ta sami ministoci, ba ta kuma sa wa abokin haɗin gwiwarta wani sharaɗin da ya canza halin kotunan En'e a ƙauye ba. A zaɓen Jiha na 1961 NEPU kujera ɗaya tak ta samu. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Kurdawa sun san wannan labari da jini. A Janairu 1946 Alƙali Muhammad ya kafa Jamhuriyar Mahabad a arewa maso yammacin Iran, a ƙarƙashin inuwar sojojin Rasha da ke ƙasar tun lokacin yaƙin duniya. Rasha ta janye sojojinta a cikin shekarar, jamhuriyar ta faɗi a Disamba, aka rataye shi a Maris 1947. Kwamandansa Mulla Mustafa Barzani, shugaban jam'iyyar KDP ta Iraƙi wadda aka kafa a 1946, ya yi gudun hijira a Rasha har 1958. Ya ɗauki makami a 1961, ya tilasta wa Bagadaza ta sa hannu kan yarjejeniyar 11 ga Maris 1970, wadda ta yi alkawarin mulkin yanki cikin shekara huɗu. Da aka kasa daidaitawa a kan birnin Kirkuk mai man fetur, yaƙi ya dawo a 1974, Barzani kuwa ya shige shi ne yana dogara da makaman Sarkin Iran da kuɗin Amurka. Ran 6 ga Maris 1975 Sarkin Iran da Saddam Husaini suka haɗu a Aljeriya suka sasanta rikicinsu na iyakar ruwan Shaɗɗul Arab. Cikin 'yan makonni aka yanke taimako, tawayen ya rushe, dubban mutane suka tsallaka iyaka, Barzani ya rasu a Amurka a 1979. Sarkin Iran bai taɓa son Kurdawa su sami ƙasa ba, tun da shi ma yana da nasa Kurdawan. Ya riƙe su ne kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe kaya har farashi ya yi. Ba a ce NCNC ta yi wa NEPU mugunta irin wannan ba, kuma ba a kwatanta bulala da bama-bamai. Abin da ya haɗa su shi ne cewa babban aboki yana da cinikinsa da babban abokin gaba, ran da cinikin ya faɗa kuwa ba a kiran ƙaramin aboki wurin shawara.

Ƙoƙarin ƙarshe na Jamhuriya ta farko bai bukaci dogon bayani ba. NEPU ta haɗu da UMBC da wasu ƙananan jam'iyyu, suka shiga babbar ƙungiyar UPGA tare da NCNC da AG. Aka hana 'yan takararsu da yawa ajiye takarda, shugabannin ƙawancen a Kudu suka ba da umarnin ƙaurace wa zaɓen 30 ga Disamba 1964 a ƙurarren lokaci, Malam Aminu ya rasa kujerarsa, NCNC kuwa ta sake komawa cikin gwamnatin Ɓalewa. Sojoji suka yi juyin mulki ran 15 ga Janairu 1966, suka soke jam'iyyu duka.

A nan ne tarihin ya yi wata karkata da ɗalibi ya kamata ya tsaya a kanta. Yawancin abin da NEPU ta yi shekara goma sha shida tana nema, ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, ba kuma abokin da ta zaɓa ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wadda Malam Aminu ya zama kwamishina a cikinta daga 1967, ita ce ta raba Jihar Arewa shida a Mayun wannan shekara, a zamaninta ne kuma aka ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, matan Arewa kuma suka sami ƙuri'ar da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta. Haka su ma Kurdawan Iraƙi: mulkin yankin da suka kasa samu da tawayen shekara goma sha huɗu ya faɗo musu ne bayan yaƙin Kuwait na 1991, sa'ad da Amurka da Ingila da Faransa suka hana jiragen Saddam shawagi a arewacin ƙasar, ya kuma tabbata a tsarin mulkin 2005 bayan mamayar 2003. Wannan bai nuna cewa wahalar 'yan adawa ta tafi a banza ba. Da ba su daɗe suna faɗa ba, da sojan da ya karɓi mulki bai tarar da shirin gyara a ajiye ba. Sai dai abin da aka samu ta hannun wani, wannan hannu ne ke yanka girmansa, kamar yadda Kurdawa suka gani a Satumba da Oktoba 2017, sa'ad da suka yi ƙuri'ar neman 'yanci, Amurka ta ƙi goyon baya, sojojin Bagadaza suka ƙwace Kirkuk.

Jamhuriya ta biyu ta kawo wa kudancin Katsina abin da ba a taɓa gani ba: ɗan Sawaba a gidan gwamnati. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. A zaɓen 1979 Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, tsohon ɗan NEPU, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma NPN ta kwashe wajen kashi biyu cikin uku na kujerun majalisar jiha. Cikin kwanakinsa na farko ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, ya kuma kafa hukumar binciken ƙwacen gonaki. Ga yankin Funtuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shirin bunƙasa noma da Bankin Duniya ya kawo wurin a 1975, da takinsa da hanyoyinsa, ya ɗaga darajar ƙasa, ya kuma jawo manyan mutane daga birni neman gona. Katsinawa ne a kowane ɓangare na wannan faɗa. Sakataren gwamnati, Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa ne kuma jinin sarautar Katsina. Mataimakin gwamna Abba Musa Rimi ne. Kakakin majalisar da ta yi ta mayar da sunayen kwamishinoni, har gwamna ya yi mulkinsa duka ba shi da ko ɗaya, shi ne Mamman Abubakar Ɗanmusa.

Tsohuwar tambaya ta dawo a sabuwar riga. Gwamnonin PRP biyu, ganin gwamnatin Tarayya ta Shehu Shagari tana hannun NPN, sai suka shiga taron gwamnoni tara tare da biyar na UPN ta Obafemi Awolowo da biyu na GNPP. Uwar jam'iyya ta hana su, suka ƙi hanuwa, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnoni, 'yan santsi, suka ɗauki Michael Imoudu shugaba, suna zargin 'yan taɓo da kwanciya da NPN. 'Yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu, suna zargin 'yan santsi da zama karnukan farautar Awolowo. Abin lura shi ne cewa ba a kan haraji aka rabu ba, ba a kan gona ba, ba a kan sarauta ba. An rabu ne a kan wanda za a jingina da shi. Kowane ɓangare kuma yana da hujja daga tarihin NEPU kanta: Malam Aminu ya tuna abin da ƙawancen 1954 ya jawo, gwamnoni kuwa sun tuna abin da kaɗaici ya jawo a 1951.

Kurdawa ma a kan wannan gaɓa suka karye. Bayan rushewar 1975 Jalal Talabani ya kafa jam'iyyar PUK, yana ɗora laifin faɗuwa a kan shugabancin gidan Barzani da dogaronsa ga Iran. Da suka sami yankinsu, zaɓen 1992 ya raba majalisa tsakaninsu daidai wa daida, a 1994 kuma suka juya bindigogi ga juna. A ƙarshen Agusta 1996 KDP ta Mas'ud Barzani ta gayyaci sojojin Saddam, mutumin da ya watsa wa Halabja iska mai guba a 1988, don su taya ta korar PUK daga Irbil, tana cewa ai PUK ce ta fara jawo Iran. Sai a Satumba 1998, a Washinton, aka sasanta su.

A Kaduna rabuwar ta bar gwamna ba rumfa. Ran 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya, gwamnonin nan takwas kuwa ba su da ƙuri'a ko ɗaya a zauren, abin da suka iya bai wuce jawabin Allah wadai ba. Abba Musa Rimi ya gaje shi. Makonni kaɗan bayan haka, ran 10 ga Yuli, aka yi tarzoma a Kano aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. A zaɓen wannan shekara Rimi ya tsaya a NPP, magajiyar NCNC, ya faɗi a hannun Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo, Lawal Kaita kuma ya ci Kaduna, ya yi wata uku a kujera kafin juyin mulkin 31 ga Disamba. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a Satumba 1987, gwamnatin soja ce ta ƙirƙire ta. Tsohon ɗan PRP na farko da ya mulke ta, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan ministan NPC ne, ya kuma hau kujerar a 1999 a ƙarƙashin PDP, jam'iyyar da ke riƙe da gwamnatin Tarayya a lokacin.